Yarona ya gagari aji, ko in mai da karatunsa gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a unguwar Kurna, kuma a kan ɗana na fari nake neman shawara. Shekararsa shida da 'yan watanni, yana aji biyu na firamare a wata makarantar kuɗi da muka saka shi tun yana shekara biyu da rabi. Ƙarfe bakwai yake fita, a tashe su ƙarfe biyu, ya tsaya lesin zuwa uku da rabi, da La'asar ya wuce Islamiyya, da dare kuma ga aikin gida. Yaron nan Allah ya yi shi da ƙiriniya: ba ya zama wuri guda, yana miƙewa ana tsakiyar darasi, ya taɓa wannan ya tsokani wancan, kuma zango uku ke nan a jere yana zuwa na kusa da ƙarshe. Har yau bai iya haɗa baƙi ya karanta kalma ba. Malamarsu ta ce daƙiƙi ne, kusan kullum da shatar bulala yake dawowa, yanzu kuma duk safiya sai ya ce cikinsa na ciwo. Amma a gida yakan shafe awa guda yana ƙera mota da gwangwani da tayoyin silifa, a Islamiyya kuma ya kusa haɗa izu guda da ka. Ina da shaidar malanta ta NCE, ina kuma ɗinki a gida. Zuciyata na raya mini in cire shi in koyar da shi da kaina, kamar yadda na ji ana yi a ƙasashen waje. Maigidana, wanda yake kasuwanci a Kantin Kwari, ya ce rashin isasshen duka ne, surukata kuma ta ce duniya za ta ce mun hana ɗa boko. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Na lura har kika gama wasiƙarki ba ki ambaci sunansa ba, na kuma san kunyar ɗan fari ce, don haka ni ma "yaron nan" zan riƙa cewa. Allah ya raya shi, ya shirya mana su baki ɗaya.

Ra'ayina shi ne ki fitar da shi daga wannan aji, domin yaron da ya kai ga ciwon ciki duk safiya saboda fargaba ya daina ɗaukar karatu a wurin tuntuni, zuwa kawai yake yi. Amma kada ki cire shi cikin fushi, kuma kada ki ɗauki karatun gida a matsayin sallama da makaranta. Ki ɗauke shi kamar jinya mai wa'adi, zango biyu ko uku, wadda za a yi da niyyar yaro ya warke ya koma cikin sa'o'insa da ƙarfinsa.

Ki fara da lissafin da kika ba ni da kanki. Daga takwas na safe zuwa biyu, da lesin, da Islamiyya, da aikin gida na dare, yaron nan yana zaune ana ce masa ya yi shiru wajen awa tara a yini. Ko magidanci aka ɗora wa wannan zama a kan benci, ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu na Kano, sai ya riƙa mutsu-mutsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jiki sosai, irin wanda zai yi haki ya yi gumi, amma ni ban ga inda wannan awa ɗaya ta samu gurbi a jadawalin yaronki ba. Ƙarfin da ba a ba shi hanyar fita a filin wasa ba, a cikin aji zai fita.

Sai maganar shekaru. A tsarin ilimin ƙasar nan, shekara shida ce shekarar shiga aji ɗaya, shi kuwa naki yana shida yana aji biyu, ke nan an yi masa gaba da shekara guda cur. Wannan gaggawa ta zama ruwan dare a makarantun kuɗi, mu iyaye kuma muna jin daɗin a ce ɗanmu ya gama firamare yana ɗan tara. A wajen ƙaramin yaro ko wata shida ma tazara ce babba. A 2018 masu bincike na Jami'ar Harvard sun duba jihohin Amurka da ke yanke shekarar shiga makaranta a ranar 1 ga Satumba, suka tarar cewa yaran da aka haifa a Agusta, waɗanda su ne ƙanana a aji, an fi yi musu hukuncin larurar rashin natsuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku a kan waɗanda aka haifa a Satumba. Wato da yawa ƙuruciyarsu ce aka fassara da cuta. A ƙasar Finlan kuwa sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya, kuma hakan bai hana yaransu iya karatu ba.

Kafin ki sayi ko alli guda, ki kai shi a duba idonsa da kunnensa. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya faru da ni a shekarun da na yi ina koyar da aji biyu a wata makarantar gwamnati, inda nake da yara sama da tamanin a ɗaki ɗaya. Akwai wani yaro a layin baya da kullum yake barin wurinsa ya taho gaban allo, in kora shi ya sake dawowa, in ya gaji kuma ya koma jan rigar na kusa da shi. Na dake shi ba sau ɗaya ba. Wata rana na sa shi ya karanta abin da na rubuta, sai na ga ya ƙanƙance idanu ya karkatar da kai, ya ce mini a hankali, "Malama, daga can fari kawai nake gani." Gilashi ya raba shi da abin da na shekara ina kira taurin kai, kuma har yau in na tuna hannunsa da ya riƙa miƙo mini, sai na nemi gafarar Allah. Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari yana nan, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen ido da na kunne, hanci da maƙogwaro, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Ki roƙi likita ya duba ƙarancin jini da tsutsar ciki, ki kuma gaya masa idan yaron yana munshari ko yana barci da baki buɗe, domin kumburin cikin maƙogwaro yakan hana yaro barci mai nauyi, kuma yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa rawar kai yake ƙarawa maimakon gyangyaɗi. Mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12.

Akwai kuma larurar rashin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci suke taƙaitawa da ADHD. Larura ce ta gaskiya da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take riƙe hankali da danne sha'awa, tana samun kimanin yara biyar cikin ɗari a duniya, an kuma fi gano ta a maza. Ba daga rashin tarbiyya take zuwa ba, ba ta kuma nufin ƙarancin basira. Likitoci ba sa yanke hukuncinta sai alamomin sun kai wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, sun kuma zarce abin da aka sani ga sa'o'in yaron. Don haka ki je ki tambayi malaminsa na Islamiyya, cikin natsuwa, yaya zamansa yake a can. In ya ce ƙalau yake, to matsalar ta fi karkata ga wancan ajin. In ya ce shi ma fama yake, kuma a gida haka, a gidan biki haka, to ki nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da halayyar yara, kuma kada kalmar ta firgita ki, zuwa wurinsa ba shaidar taɓuwa ba ce. Awa gudan da yake yi a kan motar gwangwani ta nuna yana da basira da haƙurin hannu, amma ba ta kore larurar ba, domin masu ita sukan nutse cikin abin da suke so su manta da duniya. Abin da nake roƙonki da girman Allah shi ne kada wani ya ba ki shawarar maganin mura ko na barci daga kemis don ya lafa. Addu'a da tofi kuwa ki yawaita, ba sa karo da zuwa asibiti.

Maigidanki ba mugunta yake nufi ba, abin da aka yi masa yake maimaitawa, kuma na san zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa ganin masaƙin kwando ya san da lallami ake tanƙwarawa, in aka yi da ƙarfi karyewa yake yi. An shekara ana dukan yaron nan, da duka yana koyar da haɗa baƙi da yanzu ya iya. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki nuna masa shatar da ke bayan ɗansa, ki tuna masa cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko "tir" ba, kuma jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Sannan ki ba shi rabonsa na aikin, domin namiji yakan kare abin da yake da hannu a ciki: ranar Asabar ya tafi da shi shago na awa biyu, ya ƙirga masa turamen atamfa, ya koya masa karɓar kuɗi da ba da canji.

Ita kuwa Hajiya surukarki, akwai ƙamshin gaskiya a maganarta, kuma gara ki ji shi daga bakina. Abin da kika ji ana yi a waje yana da doka a bayansa. A Amurka dukkan jihohi 50 sun halatta karatun gida, a Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ce iyaye su ilimantar da ɗa a makaranta ko ta wata hanyar, a Jamus kuwa an hana. A nan Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan, ba ta kuma yi wani tanadi na karatun gida ba, ita ma Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole tun 2019. Ban da haka, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajistarta, kuma duk makarantar da zai koma za ta tambayi sakamakonsa na baya. Saboda haka kada sunansa ya ɓace daga rajista. Ki nemi wata ƙaramar makaranta kusa da ku, ki zauna da shugabanta ki faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki, ki nemi yaron ya kasance ɗalibinsu, yana zuwa jarrabawar ƙarshen zango da ranar wasanni, sauran karatun kuma a gida. Ki kuma leƙa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku da takardar asibiti a hannu, ki sanar da su. Da haka in an tambayi Hajiya a gidan suna, tana da amsa: jikanta yana makaranta kaza, uwarsa malama ce tana yi masa karatu na musamman.

Ki kuma yi wa kanki adalci. Kina da ƙannensa biyu, ga keken ɗinki, ga girki, kuma kin fi ni sanin yadda gidan tela yake komawa idan Sallah ta matso. Sauƙin abin shi ne, yaro ɗaya a gaban malami ɗaya ba ya bukatar awa shida. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu, in an tsare su kullum, sun fi yinin aji mai cunkoso albarka. Amma wajibi ne su zama lokacin da ba a taɓawa, ko mai karɓar ɗinki ta yi sallama sai ta jira. Daga kuɗin makarantar da za ki huta biya, ki ware wani abu ki samu mai riƙe miki ƙananan da safe.

Ga yadda nake ganin safiyarku. Bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, ki sake shi ya yi gudu, ya gara taya, ya buga ƙwallo, ya ɗebo miki ruwa a ƙaramin bokiti, har ya yi gumi. Sai ku zauna minti goma, ko sha biyar in ya jure, ku tashi ya motsa minti biyar, ku sake zama. Ki tsai da darasi tun yana marmarinsa, kada ki jira sai ya gundura. In ya fi son ya karanta a tsaye, ko a kwance rub da ciki a kan tabarma, ki ƙyale shi, karatun ake nema.

Da Hausa za ki fara koya masa haɗa baƙi, kuma a nan nake so ki dage ko da an yi miki surutu. Yaron da ake koya wa karatu da harshen da ba ya ji, kaya biyu aka ɗora masa a lokaci guda, ga gane haruffa ga gane ma'ana, kuma rubutun Turanci ba ya bin furucinsa, harafi ɗaya yakan yi sauti uku. Hausa kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarabanci ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Kakanninmu ma a makarantar allo sun san hikimar bi da bi, sai yaro ya ƙware a babbaƙu ake kai shi farfaru.

Ki ɗauki gawayi ko alli ki zana manyan da'irori a tsakar gida kamar za a yi 'yar gala-gala, ki rubuta wasula biyar, a, e, i, o, u, ɗaya a kowace da'ira. Ki furta sauti, shi kuma ya yi tsalle ya dira a kansa. In sun zauna, ki kawo baƙi ɗaya, ku yi ma, me, mi, mo, mu, gobe ta, te, ti, to, tu. Ranar da ya dira a kan "mo" ya sake tsalle ya dira a kan "ta", ya ji bakinsa ya ce "mota", ki dubi fuskarsa da kyau, domin ranar ce zai gane cewa waɗannan zane-zane magana ce. Daga nan ki biyo ta inda zuciyarsa take: ya rubuta "taya" ya liƙa a tayar motarsa, ya rubuta "ƙofa", ya rubuta sunan direba. Ki bar ɓ da ɗ da ƙ zuwa lokacin da b da d da k suka kama ƙasa, kuma in yana juya b ta koma d kada hankalinki ya tashi, yara da yawa suna yi har wajen shekara bakwai. Amma in kun yi wata shida kuna wannan kullum cikin lallami, sauti da harafi suka ƙi haɗuwa a kansa, to ki koma wa likita da maganar larurar wahalar karatu da ake kira disleksiya. Turanci kuma kada a yar da shi: minti goma kullum na magana da baki, sunayen kayan gida, gaisuwa, gajeren labari mai hoto, rubutunsa ya biyo baya idan Hausar ta tsaya.

Lissafi yana cikin ɗakin ɗinkinki. Maɓallai da murafun lemo sun isa tarawa da ɗebewa, tef ɗin awo zai koya masa lambobi har sittin yana auna tabarma da tsawon ƙaninsa, aike wajen mai shago da naira 500 ya dawo ya yi miki bayanin canji darasi ne cikakke. Sau ɗaya a wata ku fita, ko marinar Ƙofar Mata ya ga yadda farin yadi yake fitowa shuɗi daga rijiyar baba, ko Gidan Makama, ko ku hau Dala yana ƙirga matakala, in kun dawo ya ba ki labari ki rubuta da kalmominsa, gobe ku karanta tare.

Wajen ladabtarwa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kina durƙushe daidai tsayinsa kuna haɗa ido, ki sa ya maimaita abin da kika ce. Yabo kuma ya zama mai suna, kamar "na ga ka gama layin nan ba ka tashi ba", domin yaron da ya shekara yana jin "daƙiƙi" yana bukatar a nuna masa ainihin abin da ya yi daidai. In ya yi laifi, a janye masa wani abin da yake so na ɗan lokaci, a kuma cika abin da aka faɗa. Waya ita ce jarabar da za ta fi kusa da hannunki ranar da aiki ya yi miki yawa, saboda tana sa shi shiru nan take, amma ki sani bayanta allo da alli ba za su yi masa armashi ba, don haka a yi mata ƙa'ida, kuma kada ta kusanci lokacin barci. Islamiyya kuwa ta ci gaba ba fashi, tare da ƙwallon yamma da yaran layinku, domin jiran layi, da rabon abu, da faɗa da shiryawa, a cikin yara ake koyonsu.

Ki sayi littafi mai bango mai kauri ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da kuka yi, layi biyu sun isa. Ƙarshen kowane wata ki sa ya karanta wa babansa da Hajiya abin da ya iya. Wannan littafi shi ne shaidarki a gaban makaranta, shi ne kuma zai gaya miki gaskiya a kanki. In zango ya ƙare kika ga shafukan fayau, ko kika wayi gari ke ce kike riƙe da bulalar da kika raba shi da ita, to ki mai da shi wata makarantar ba tare da jin kunya ba. In kuwa abin ya tafi daidai, alamar komawa ita ce ya karanta gajeren labari na Hausa shi kaɗai ya faɗi abin da ya fahimta, ya yi tarawa da ɗebewa zuwa ashirin, ya kuma iya zaman minti ashirin a kan aiki guda. Idan za ki zaɓar masa makaranta, kada fentin gini ya ruɗe ki. Ki shiga aji ki ƙirga kawuna, ki tambayi ina filin wasa, ki tambayi shugaban ƙarara ko ana duka, ki roƙi a zaunar da shi a layin gaba a kuma ba shi aikin goge allo da raba littattafai, don ya samu halattacciyar hanyar miƙewa. Ki yarda ya maimaita aji biyu, domin a lokacin ne ma zai zama daidai da sa'o'insa.

Saura abin da za ki gaya wa shi yaron. Kada ya ji daga bakin kowa cewa an cire shi ne don ya kasa, ki kuma ja kunnen 'yan gidan a kan haka. Ki zaunar da shi ki ce masa kin ga yadda yake ƙera mota, kin tabbata mai wannan kai zai iya karatu, za ku yi na 'yan watanni tare a gida, sannan ya koma sabuwar makaranta yana karanta allo da kansa. Ki yi masa alkawarin ba duka a wannan karatu, ki kuma riƙe alkawarin. Idan kun dawo daga gwajin ido da kunne, ki sake rubuto mini abin da likita ya ce, da abin da malamin Islamiyya ya faɗa miki, sai mu tsara makonni huɗu na farko tare, in Allah ya yarda.